Wa Zai Lura Idan Ba Ka Zo Ba?

Filin tambayoyin masu karatu kan zaman jama'a

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan sun taru a kan abu guda, ko da yake masu su ba su san juna ba: yadda mutane ke haɗuwa su zama rukuni, da abin da ke gudana tsakaninsu bayan sun haɗu. Na zaɓi shida. Kamar kullum, na cire sunaye na bar gari kawai.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a shekarar farko, ina ɗaukar darasin ilimin zamantakewa. An ce mana ba kowane taron mutane ne rukuni ba, kuma rukuni iri biyu ne, na farko da na biyu. Na haddace, amma wallahi ban gane ba. In mutum ashirin sun taru wuri ɗaya, me zai hana a kira su rukuni? Daga wata ɗaliba, Funtuwa.

Amsa: Ɗiyata, ajiye takardar haddar tukuna, mu je tashar garinku. Ƙarfe bakwai na safe ne, ana lodin motar Kano. Mutum goma sha takwas sun shiga, kowa da jakarsa a cinya, kafaɗa na gugar kafaɗa. Wani ya sauka a Malumfashi, wani ya hau ya zauna a gurbinsa, babu wanda ya tambayi sunan wanda ya sauka. Waɗannan taro ne. Wuri ne ya haɗa su, da an isa Kano kowa zai kama gabansa.

Akwai kuma mutanen da ko wurin ma bai haɗa su ba, mu ne muke tara su a baki saboda wata siffa: bahagwai, ko matan da aka haifa a 2005, ko duk masu sayar da goro a Najeriya. Wannan kaso ne na lissafi. Bahagon Funtuwa bai san da zaman bahagon Gaya ba.

Yanzu ki duba ta taga. Ga direba, ga yaron mota, ga ɗan kamasho yana kiran fasinja, ga mai rubuta layin motoci a ƙarƙashin rumfa. Ba su kai mutum goma ba, amma su ne rukuni. Kullum suna tare, kowa ya san abin da ake jira daga gare shi, kuma in suna magana za ki ji suna cewa "mu 'yan tasha". Abubuwa ukun da malaminku ke nema ke nan: mu'amalar da ke maimaituwa, haƙƙin da kowa ke bin kowa, da jin cewa akwai "mu". Ni a aji nakan dunƙule su a tambaya ɗaya: wa zai lura idan ba ka zo ba? Ranar da ɗan kamasho bai fito ba, kafin ƙarfe takwas an buga masa waya, in ba a same shi ba a tura yaro gidansa.

Taro yana iya rikiɗa ya zama rukuni. Na taɓa shiga motar da ta mutu da mu a daji bayan magariba. Mutanen da suka yi awa biyu ba su ce wa juna uffan ba, nan take wani ya riƙe tocila, samari huɗu suka tura, wata Hajiya ta kwance ƙullin ƙuli-ƙuli ta raba, aka sa wani dattijo ya ja mu salla a gefen titi. Da motar ta tashi, wani ya ce a dakata, mai jar hula bai dawo daga alwala ba. Ki lura da wannan maganar: an fara ƙirga juna. Rukuni ne na dare ɗaya, amma rukuni ne.

Batun na farko da na biyu kuwa, wani malamin jami'ar Michigan a Amurka, Charles Cooley, shi ya fito da sunan rukuni na farko a 1909. Misalansa uku ne: iyali, abokan wasan yarinta, da maƙwabta. Ya kira su na farko ne domin su ne farkon masu ƙera mutum. A nan kika koyi durƙusawa ki gaida babba, a nan kika san kunya, a nan aka fara kiran sunanki. Waɗanda suka biyo bayansa ne suka yaɗa sunan rukuni na biyu, wato wanda wata manufa ta haɗa: ajinku, ma'aikata, jam'iyya, ƙungiyar direbobi.

Hanya mafi sauƙi ta bambance su ita ce ki tambayi kanki ko ana iya maye gurbin mutum. In aka canja mai karɓar kuɗi a banki, gobe wani zai zauna a kujerar, aiki ya ci gaba. Kujerar ce abin nema. Amma in kakarki ta rasu, babu wadda za a ɗauko a ce ga sabuwa. A ƙauyen da na tashi, ni da yayyena muna cikin gandun mahaifinmu: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, kowane saurayi da 'yar gayaunarsa da yake nomawa da yamma. Babu takardar ɗaukar aiki, babu albashi, babu ranar sallama. Wani Bajamushe, Ferdinand Tönnies, tun a 1887 ya raba zaman mutane gida biyu a kan wannan, zaman da jini da wuri da sabo suka ɗaure, da zaman da yarjejeniya da biyan buƙata suka ɗaure.

Sai dai kada ki ɗauka katanga ce tsakaninsu, nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa. Mahaifiyata ta yi shekaru tana cikin wani adashi na mata goma sha biyu. Da aka fara, kuɗi ne kawai: ranar kasuwa yarinyar uwar adashi ta zagayo ta karɓi zubi, wadda layi ya zo kanta ta kwasa. Wasu ma ba su san ɗakin juna ba. Shekara ta biyar, mijin ɗaya daga cikinsu ya rasu ya bar ta da yara, kuma kwasarta sai bayan wata bakwai. Wadda layi ke kanta, wadda ta riga ta yi cinikin akuya da kuɗin a ranta, ta aika wa uwar adashi cewa a kai wa mai takaba. Babu wannan a ƙa'idar adashi. Rannan rukuni na biyu ya zama na farko. Na kuma ga akasin haka, dangin da ba abin da ke tara su sai rabon gado, kowa ya zo da takarda da shaida. Sunan dangi yana nan, amma mu'amalar ta koma irin ta ofis. In an tambaye ki a jarrabawa, ki ba da ma'anar, sannan ki kawo misali daga gidanku. Malamin kirki zai gane kin fahimta.

Tambaya: Malam, ni tela ne. Shekara shida muna shago ɗaya da abokina, ko sau ɗaya ba mu yi sa-in-sa ba. Bara ƙanin matarsa ya gama koyo, muka sa masa keke a shagon, muka ba shi kaso. Yaron ba shi da laifi, yana da ladabi, amma tun da ya shigo sai na riƙa jin kamar ni ne baƙo. Shaiɗan ne ke raya mini, ko akwai wani abu? Daga wani tela, Damagaram.

Amsa: Malam tela, a nemi tsari daga Shaiɗan kullum, amma abin da kake ji yana da tushe, kuma an yi rubutu a kansa fiye da shekara ɗari. Georg Simmel, mutumin Balin da ya rayu daga 1858 zuwa 1918, ya lura cewa ƙara mutum ɗaya a kan biyu ya fi canja zama fiye da ƙara goma a kan ɗari.

Zaman mutum biyu shi ne mafi kusanci, shi ne kuma mafi rauni. In ɗaya ya tashi, zaman ya mutu, saboda haka kowa yana lallaɓa ɗan'uwansa. Babu rinjaye, dole sai an yarda. Babu maɓoya: in an zo karɓar ɗinkin Salla ba a sa wa riga aljihu ba, kun san hannun wanda ya bari. Da na uku ya shigo, sai a sami abin da babu shi a da, wato biyu a kan ɗaya. Alaƙa ɗaya ta zama uku. In kun zama huɗu ta zama shida, in kun kai goma ta zama 45. Kuma a shagonku biyu daga cikin ukun suna da wata igiyar da ba ta ratsa ta kanka ba, ta surukuta. Suna haɗuwa a suna da biki, suna cin tuwo a gida ɗaya. Maganar ƙarin kuɗin ɗinki tana iya nuna a can, ta iso shago da safe a dafe, ba tare da wani ya yi niyyar ware ka ba.

Simmel ya ce na uku yana iya zama ɗaya daga abu uku: mai sulhu, ko mai cin ribar saɓanin biyun, ko mai hura wutar saɓanin don ya yi mulki. Yadda ka siffanta yaron, na fi kyautata zaton zai zama na farkon in an ba shi dama. Shari'a da al'adarmu sun daɗe da sanin nauyin zaman uku. Shi ya sa gidan mai mata biyu ba a barin sa ga son zuciya, akwai rabon kwana da rabon girki da kowa ya sani.

Abin da shagonku ya rasa ke nan. Amana ta riƙe ku kuna biyu, yanzu tana buƙatar ƙa'ida ta tallafa mata. Ku sayi littafi, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, zare da allura da haya da kuɗin wuta. Ku sa rana, ko Juma'a bayan masallaci, ku zauna ku uku a kan butar shayi. Ku yarda cewa duk shawarar da aka yanke ɗaya ba ya nan, ba ta yanku ba. Kuma ka sami abokinka ku biyu ka faɗa masa abin da ka faɗa mini, da irin lafazin da ka rubuto shi.

Ka kuma kiyayi wani abu. Masana, tun daga Robert Park da Ernest Burgess na jami'ar Chicago a 1921, suna bambanta gasa da rikici. A gasa idonka yana kan abin da ake nema: ɗinkinka ya fi kyau, masu kawo yadi su fi neman hannunka. A rikici idonka ya bar abin ya koma kan mutumin. Gasa tsakaninka da yaron nan za ta gyara shagon. Ranar da ka ji kana jin daɗi don ya ɓata wuyan riga, to an tsallaka, a gaggauta zama.

Tambaya: Malam, ɗana shekararsa 16. Da yaro ne mai jin magana. Yanzu askinsa ya canja, wandonsa ya canja, har maganarsa. In na yi faɗa sai ya ce "haka kowa yake yi". Wane ne kowan nan da ya fi ni da ubansa? Daga wata uwa, Kaduna.

Amsa: Hajiya, Allah ya shirya mana su. "Kowa" ɗin nan ba su da yawa. In kika bincika za ki tarar ba su wuce yara biyar ko shida ba, wataƙila da wani mawaƙi ko ɗan ƙwallo da yake gani a waya. Masana suna kiran su rukunin da mutum ke auna kansa da su, madubinsa ke nan. Herbert Hyman ne ya fara ba su suna a 1942. Abin lura shi ne ba sai mutum yana cikinsu ba. Yaron da ke son zama soja tun yana aji uku yake taka ƙasa irin tasu. Almajirin da ke kallon alarammomi yakan fara naɗa rawani irin nasu tun bai sauke ba. Ƙarfi ɗaya ne ke jan wannan da wancan. Inda ya ja su ne ya bambanta.

Don ki ga nauyin abin, a 1951 wani masani a Amurka, Solomon Asch, ya zaunar da ɗalibai a ɗaki, ya nuna musu layi ɗaya a kati, da wasu layuka uku a wani katin, ya ce kowa ya faɗi wanda tsawonsu ya zo ɗaya. Amsar a fili take. Amma duk 'yan ɗakin an haɗa baki da su su faɗi ƙarya, ban da mutum ɗaya. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi ƙaryar aƙalla sau ɗaya, suna ganin gaskiya da idonsu. Manya ne fa, kuma waɗanda suka bi ɗin baƙi ne gare su. To ina ga ɗan shekara 16 a gaban abokan da yake kwana yana tunanin me za su ce?

Ga inda nake so ki riƙe. Da Asch ya sa mutum ɗaya tak a ɗakin ya riƙa faɗin gaskiya, bin ƙaryar ya faɗi warwas. Abokin tsayuwa ɗaya ya isa. Saboda haka faɗa kaɗai ba zai raba shi da madubinsa ba, don a shekarun nan yaro yana neman mazauni a wajen ɗakin uwarsa, kuma dole ne ya nema. Ki sa ya kawo abokan gida, ki zuba musu abinci, ki san sunayensu da na iyayensu. A cikinsu akwai mai hankali, ki ja shi a jika. A nema masa wani babba da yake ganin girmansa, kawunsa ko yayan abokinsa ko maigidan da zai koya masa gyaran waya ranar Asabar. An ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, to a samo masa maɗaukin turare ya zauna kusa da shi. Aski da wando ki sassauta a kansu. Ki tsaya a kan salla, da lokacin dawowa gida, da abin da yake sha.

Tambaya: Malam, a Legas aka haife ni. Na je biki Zariya, na ji wani Bakano yana ce wa wani dattijo Bazazzagi bawansa, a gaban mutane, dattijon ya rama, kowa na dariya. Ni raina ya ɓaci. Wannan ba ƙabilanci ba ne? Daga wani matashi, Agege.

Amsa: Ƙanina, ɓacin ranka ya nuna tarbiyya, amma abin da ka gani maganin ƙabilanci ne. Wasan barkwanci ke nan, kuma yana da hanyoyinsa sanannu: Kanawa da Zazzagawa, Katsinawa da Nupawa, Gobirawa da Yarabawa, Fulani da Barebari. A cikin gida akwai shi tsakanin taubasai, da tsakanin jika da kaka. A wasu wurare har kuɗin shara abokan wasa ke bin juna in watan Cika-ciki ya kama.

Raba duniya zuwa "mu" da "su" ɗabi'ar ɗan Adam ce. Wani masani Ba'amurke, William Sumner, ya rubuta a 1906 cewa son namu da ƙyamar nasu sukan girma tare. A 1954 Muzafer Sherif, haifaffen Turkiyya, ya gwada abin a wani sansanin hutu a jihar Oklahoma ta Amurka. Ya kai yara maza 22 masu kimanin shekara 11, ba su san juna ba, kuma gidajensu kusan iri ɗaya ne. Ya raba su biyu, kowane ɓangare ya raɗa wa kansa suna ya yi tuta. Aka sa musu gasa da kyauta. Cikin 'yan kwanaki an ƙona tuta, an kai hari ɗakin kwana, ana zagi. Babu bambancin addini, babu na harshe. Da aka tara su cin abinci tare don su shirya, jifa da abinci suka yi. Abin da ya sasanta su shi ne matsalar da ɓangare ɗaya ba zai iya shawo kanta ba: ruwan sansanin ya ɗauke, dole suka nemi inda ya toshe tare, motar kawo abinci ta ƙi tashi, dole suka kama igiya ɗaya suka ja.

Kakanninmu sun bi ta wata hanyar. Sun san akwai "mu" da "su", sun san wasu garuruwan an yi yaƙi tsakaninsu, sai suka buɗe wa tsokana ƙofa suka rufe ta fushi. Ƙa'idar wasan ita ce an halatta maka ka faɗa, an haramta wa abokinka ya ji haushi, kuma gobe shi ma zai faɗa. Alfred Radcliffe-Brown, Baturen Ingila, ya siffanta irin wannan alaƙa a 1940 da cewa rashin ladabi ne da aka yarda da shi. Akwai kuma haƙƙi a ƙarƙashinsa. Bakanon nan in ya ga dattijon a tasha kuɗin mota ya gaza, kunya ba za ta bar shi ya wuce ba. A Nijar an ɗauki abin da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasan ke lalacewa in ya hau Facebook. A zaure ana ganin fuska, ana jin murya, an san wane ne abokin wasan wane. A waya rubutu ne tsirara, dubban da ba su san ƙa'idar ba suna karantawa, sai wasa ya koma zagi na gaske. Wanda bai san iyakarsa ba, ya bar shi ga waɗanda suka sani.

Tambaya: Malam, duk sunayen da kake kawowa na Turawa ne. Musulmi ba su ce komai a wannan fanni ba? Daga wani malamin makarantar Islamiyya, Sakkwato.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, sun ce, kuma sun riga. Bafaranshe Auguste Comte ya raɗa wa fannin sunan da ake kiran sa da shi yau, wato sociology, a ƙarshen shekarun 1830. Ibn Khaldun kuwa, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya rubuta Muƙaddima tun a 1377, ya ce ya buɗe wani sabon ilimi na zaman mutane. Ginshiƙinsa shi ne asabiyya, wato ƙarfin da ke ɗaure jama'a har ɗaya ya tsaya wa ɗaya. Ya ce ta fi ƙarfi a wurin mutanen daji masu shan wuya tare, da ita suke kafa daula, sannan daɗin birni ya sassauta ta, har ya kiyasta wa daula zuriya uku, kimanin shekara 120. Bayanin yadda abin ke aiki yake yi, ba kiran mutane yake ga son kai na ƙabila da addini ya hana ba. Ni da shi nake buɗe darasina kowace shekara.

Tambaya: Malam, shekara uku da gama bautar ƙasa, ba aiki. Ina cikin zaurukan WhatsApp goma sha huɗu, wani ma mutum ya fi 900. 'Yan'uwana da abokaina na majalisa suna ƙaunata, amma ba wanda ya iya samo mini komai. Ina kuskuren yake? Daga wani matashi, Gusau.

Amsa: Ƙanina, Allah ya buɗa. Na san zafin wannan zaman, ɗalibaina da yawa suna cikinsa, kuma ba zan ce maka laifinka ne ba alhali guraben sun yi kaɗan. Amma akwai abin da za ka iya gyarawa.

Fara da zaurukan. WhatsApp yana barin mutum 1,024 a zaure ɗaya, amma Robin Dunbar na Ingila ya kiyasta cewa mutanen da ɗan Adam ke iya riƙe alaƙa ta gaske da su ba su wuce 150 ba. Gwada tambayar da na ba ɗalibar Funtuwa: ka yi shiru sati biyu, a wane zaure za a neme ka? Wanda aka neme ka shi ne rukuni. Sauran tashar mota ce, kuma tallar aikin da aka jefa a can mutum ɗari tara sun gani tare da kai.

'Yan majalisarku kuwa ƙaunarsu gaskiya ce, matsalar ita ce kunnenku ɗaya. Benci ɗaya kuke zama, labarin da suka ji kai ma ka ji. Wani masani, Mark Granovetter, ya yi bincike a wani gari kusa da Boston a Amurka ya wallafa a 1973. Cikin waɗanda suka sami aiki ta hanyar wani mutum, kusan kashi 17 cikin 100 ne kawai suka ce mutumin wanda suke gani a kai a kai ne. Sauran duk ta hannun wanda ake haɗuwa jefi-jefi ne, ko wanda aka daɗe ba a gani ba. Dalili a fili yake: na nesa yana zaune a wata majalisar, yana jin abin da ba ya isowa taku. Shi ne gada.

Fatakenmu sun san wannan tun kafin a rubuta shi. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a cikinta a farkon shekarun 1960 yana nazarin cinikin shanu da goro. Mai shanu zai taso daga Arewa ya sauka gidan wani maigida da ba ɗan'uwansa ba. Maigidan ya ba shi masauki da abinci, dillalansa su sayar wa mahauta shanun bashi, shi kuma ya tsaya a kan kuɗin har su fito. Dukiya mai yawa tana tafiya ɗaruruwan mil babu banki babu takarda, a kan "wane ne ya aiko ni wurinka". Sanayya ce mai nisa, amma an riƙe ta da suna mai kyau, domin maigidan da ya ci amana sau ɗaya labarinsa zai riga shi isa Kano.

To ɗauki biro. Rubuta mutum ashirin da suka san ka suka san aikinka, amma kun kwana biyu ba ku gaisa ba: malamin da ya duba maka kundin kammala karatu, shugaban wurin da ka yi bautar ƙasa, abokin ajinku da ke Fatakwal, aminin mahaifinka da ke kasuwar Kwari. Kada ka tura musu saƙo iri ɗaya. Na kusa ka taka ka je, zumunta a ƙafa take. Na nesa ka kira shi da murya. Ka gaishe shi, ka tambayi iyali, sannan ka faɗi abin da ka iya a jimla ɗaya: ka iya lissafin shago a kwamfuta, ko ka iya koyar da lissafi a sakandare, ko ka iya haɗa sola. "A taimaka mini da ko mene ne" ba ya zama a kan kowa, amma mai haɗa sola ana tuna shi ranar da wani ya ce yana nema. Mutum biyu a sati ya isa. Bayan wata uku ka sake rubuto mini in ji inda aka kwana.